Yadda 8.8.8.8 ya riƙa ɓatar mana da firinta a ofis

Ofishinmu ƙarami ne: kwamfutoci ba su kai ashirin ba, sai firinta da akwatin ajiyar fayil. Da na ga mutane sun gaji da haddace lambobi irin 192.168.1.40, na ɗora dnsmasq, manhajar DNS mai juya sunan na'ura zuwa lambarta, a kan wata ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, na ba kowace na'ura suna a ƙarƙashin .internal, wanda ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta keɓe a 2024 don amfanin cikin gida. Ban kusanci .local ba, tunda na wani tsarin neman suna ne mai suna mDNS, kayan Apple ta wata hanya dabam suke nemansa. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba.

Abin da har yau yake min ciwo shi ne layi ɗaya a cikin rauta. Wanda ya haɗa mana intanet tun farko ya bar 8.8.8.8, adireshin DNS na Google, a gurbin DNS na biyu, rautar kuma tana raba shi ga kowa ta DHCP, tsarin da ke ba na'urori adireshi kai tsaye. A ido kamar dabara ce, in na farko, wato Pi, ya faɗi na biyu ya ɗauka. To amma Google bai san firinta.internal ba, kuma ba shiru yake yi ba, amsa yake bayarwa cewa babu wannan suna. Kwamfuta ta karɓi amsar, ta ajiye, ba ta ƙara tambayar kowa.

Ɗauke wuta ne ke tayar da matsalar. In an kunna janareta, rauta kan riga Pi tashi, kwamfutoci su tambayi Pi su ji shiru, su koma wajen Google. Akanta ya zo ya ce, "Injiniya, firinta ta sake ɓata." In je in buga nslookup, umarnin duba suna, suna ya fito sumul, domin nslookup kai tsaye yake tambayar na farko, ba ya duba abin da Windows ta ajiye. In yi ipconfig /flushdns don goge abin da Windows ta ajiye, komai ya dawo, washegari a sake. Har aka fara cewa gara a koma lambobi. Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai, domin tsarin ba shi da laifin komai.

Na cire 8.8.8.8 daga DHCP, na mayar da shi cikin dnsmasq, can ne ya dace, inda za a tura masa sunayen waje kawai. Na ƙara Pi na biyu mai sunaye iri ɗaya, na jona su duka da rauta a kan inbata. Duk adireshin da za ka raba a matsayin DNS, na farko ko na biyu, lallai ya san sunayen cikin gida.

Wayoyi ne suka rage. Tun daga Android 9 akwai Private DNS, saitin da ke ba waya damar amfani da wani DNS dabam, kuma duk wanda ya rubuta dns.google a wurin ba zai ga sunayenmu ba sai ya mayar da shi Automatic.