Abin da ma'adanar filash ta koya mini game da gogewa

Lokacin da aka ɗora mini aikin tsara yadda wata ƙaramar na'ura mai tattara bayanai za ta riƙa ajiye fayilolinta a ma'adanar filash (guntun lantarki irin na cikin wayoyi da katin memori, mai riƙe bayanai ko da babu wuta), na shiga aikin da tunanin da na gada daga faifan maganaɗisu (hard disk na kwamfuta), wato duk inda aka rubuta abu ana iya komawa a rubuta wani a kansa. A filash irin na NAND, wanda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya gabatar a 1987, lamarin ba haka yake ba. Ana karatu da rubutu shafi-shafi, amma ba a gogewa sai bulo guda ɗungurungum, kuma a guntun da muka yi aiki da shi bulo ɗaya yana ɗauke da shafuka 64, kowanne kilobait 2. Ana ajiye bayanai ne a matsayin bit, wato 1 ko 0, kuma rubutu yana mayar da 1 ya zama 0 ne kawai, babu kuma abin da ke dawo da shi sai gogewa. Don haka idan ana son gyara harafi ɗaya a cikin fayil, dole a rubuta sabon shafi a wani wuri, a lissafa tsohon cikin matattu.

Kuskurena na farko shi ne na auna saurin tsarin a kan guntu fanko, na gamsu, na wuce. Da ma'adanar ta kusa cika sai rubutu ya fara jan ƙafa, kuma a nan ne na gane cewa ainihin aikin yana wurin kwashe shara. Kafin a goge bulo, sai an kwafe duk shafukansa masu rai zuwa wani wuri. Idan a cikin shafuka 64 guda 48 suna raye, to za a kwafe 48 ɗin ne domin a sami gurbin 16 kacal, ma'ana kowane sabon shafi ɗaya ya jawo rubutun shafuka huɗu. Wannan ninkuwar rubutu tana cin lokaci, tana kuma cin rayuwar guntun, domin kowane bulo yana da iyakar gogewar da zai iya jurewa: kusan sau 100,000 ga filash mai bit ɗaya a kowace ƙwayar ajiya, ƴan dubbai kawai ga mai bit uku.

Maganin da ya fi yi mini amfani shi ne raba bayanai bisa yawan sauyawarsu. Fayil ɗin da ake sabuntawa kowace daƙiƙa bai kamata ya zauna bulo ɗaya da wanda aka rubuta sau ɗaya aka bari ba, domin idan masu saurin mutuwa suka taru wuri guda, bulonsu yakan mutu kusan gaba ɗaya, a goge shi ba tare da kwafe komai ba. F2FS, wani tsarin ajiye fayiloli a filash wanda Samsung ya samar kuma ya shiga Linux (babbar manhajar tafiyar da kwamfuta) a siga ta 3.8, a kan wannan hikima aka gina shi, har yana buɗe layukan rubutu shida lokaci guda, na bayanai masu zafi (masu yawan sauyawa) da masu ɗumi da masu sanyi (waɗanda ba safai suke sauyawa ba). Sai dai rabon yana da tasa illar, wadda na daɗe ban lura da ita ba: bulolin da ke riƙe da bayanai masu sanyi ba sa samun gogewa, sauran kuma suna ta zaizayewa. Tilas ne lokaci-lokaci a tashi bayanan da ke zaune lafiya a mayar da su cikin bulo gajiyayye, ko da yake hakan ma ƙarin rubutu ne.

Ɗaukewar wuta ce ta fi ba ni wahala. Tana iya zuwa a tsakiyar rubuta shafi, ko bayan an kwafe rabin bulo, ko ana cikin gogewa, ta bar shafin da yau zai karantu daidai gobe ya ƙi. JFFS2, wani tsarin ajiye fayiloli wanda David Woodhouse ya rubuta a 2001, ba ya ajiye taswirar fayiloli, wato bayanin inda kowane fayil yake, a kan guntun. Yakan bi ma'adanar kaf duk lokacin da aka kunna na'urar ya sake gina ta, abin da ke da aminci amma yana ƙara jinkiri gwargwadon girman ma'adanar. UBIFS, wani tsarin da ya shiga Linux a 2008, yana ajiye taswirar a kan filash cikin siffar bishiya mai rassa, ya tashi da sauri, amma sauya ganye ɗaya a bishiyar taswirar yana tilasta sake rubuta rassan da ke samansa har zuwa tushe. A ganina ƙaramar ma'adana ba ta buƙatar wannan ɗawainiya, shi ya sa na zaɓi hanyar JFFS2, na sa wa kowane rubutu lambar jeri da lambar tantancewa, kuma na hana a goge tsohon kwafi sai sabon ya tabbata.

Daga baya na haɗa wata ƴar na'ura da ke yanke wa na'urar tattara bayanan wuta a lokutan da ba a tsara ba, ta mayar, ta duba ko fayilolin suna nan daidai, dare da rana, a kan guntun da na cika shi maƙil tun kafin a fara. Ita ce ta tono mini kuskuren da karatun manhajar bai taɓa nuna mini ba, inda mai kwashe shara yake goge bulo kafin shafin ƙarshe da ya kwafe ya gama zama a sabon wurinsa.