Laraba a Tsibirin Penang

Bayan sallar asuba na fita daga masaukina a George Town, babban birnin tsibirin Penang na ƙasar Malesiya, da niyyar in yini a bakin teku, amma ƙafa ta kai ni unguwar Chew Jetty, inda hantsi ya same ni. Gidaje ne na katako da aka kafa bisa ginshiƙai a cikin ruwa, kuma hanyar da ta ratsa su ma ta katako ce, mutum yana tafiya yana hango ruwa ta tsakanin allunan. Mazauna wurin jikokin Sinawa ne da suka zo daga lardin Fujian a ƙarni na 19, suna dakon kaya daga jiragen ruwa, kowane dangi da mashigarsa, ta Chew daban, ta Lim daban, ta Tan daban. A wata ƙofa na ga wata dattijuwa tana soka tsinken turare cikin kaskon toka, hayaƙin yana gauraya da ƙarnin kifi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Khoo Kongsi, zauren dangin Khoo, wanda gobara ta cinye a 1901 aka sake gina shi a 1906. Sassaƙen duwatsunsa da dodannin rufinsa abin kallo ne, amma ni a gaban allunan da ke ɗauke da sunayen 'ya'yan dangin da suka kammala jami'a na daɗe a tsaye. A da, irin wannan zaure shi ne yake karɓar baƙo in ya sauka daga jirgi, ya sama masa aiki, ya sasanta rigimarsa, in ya mutu ya yi masa sutura. Nan take na tuna da zangon Kumasi, inda kakanninmu fatake suka sauka, suka riƙe harshensu da sarautarsu har yau, sai na ji mutanen nan ba baƙi ba ne a wurina.

Na yi azahar a masallacin Kapitan Keling, wanda yake titi ɗaya da wurin bautar Sinawa na Kuan Yin. Da yake ana yawan soya taliyar Sinawa da kitsen alade, sai na ci shinkafar nasi kandar a wajen Musulmi 'yan asalin Indiya, sannan na koma masauki ana yayyafi.