Rigimar zabibi: abin da ya same mu a layi, Turawan Ingila sun riga mu gani a Izmir

Ni dai sana'ata busassun kayan marmari ce, dabino da zabibi da ɓaure, ɗan shago ne a Kano da yara biyu da sito ɗaya. Dabinon yawanci na Nijar ne da na Aljeriya, amma zabibi da ɓauren daga Turkiyya muke saro su ta hannun wani dillali a Izmir, mu haɗa kuɗi mu kaɗan mu cika kwantena tunda ba wanda zai iya shi kaɗai. Kasuwarmu azumi ce. In kaya suka iso bayan sallah to ka shiga uku, sai ka yi ta kallonsu suna fitar da sukari a jiki har su fara tsami.

Shekarun baya mun zauna mu 'yan layi muka yi magana ɗaya, ba wanda zai taya sama da kaza a wurin dillalin, in ya ƙi sallamawa mu bar masa kayansa sati biyu ai zai sauko. Har fatiha aka shafa wallahi. Kwana uku ba a yi ba wani daga cikinmu ya bi ta bayan gida ya kira shi ta WhatsApp ya ƙara masa, ya kwashe na farkon kaka mai kyau, mu kuma aka bar mu da na ƙarshe, ga tsada ga danshi. Har yau muna gaisawa da shi amma ban ƙara haɗa kuɗi da shi ba.

Da na ba ƙanena labarin, shi yana karatu ne a can Turkiyya, dariya ya yi ya ce yaya ai wannan tsohuwar cuta ce, Turawan Ingila sun yi ta fama da ita tun zamanin Daular Usmaniyya. A 1580 wani William Harborne ya samo wa 'yan kasuwar Ingila takardar izinin fatauci daga Sultan Murad na uku, lokacin Sarauniya Elizabeth ta farko, a 1592 kuma aka haɗe kamfanoni biyu aka kafa Levant Company. Amma fa ba irin kamfanin da kuɗi ke tukunya ɗaya ba ne, ƙungiya ce kamar tamu, kowa da jarinsa kowa da ribarsa, doka ce kawai ta haɗa su. Su kai mulufi da kuza da dalma, su dawo da siliki da auduga da zabibi da ɓaure. Ƙananan baƙin zabibin nan da Ingila ta haukace a kansa daga Girka yake fitowa, wani daga Fataras da ke ƙarƙashin Turkawa, mafi yawa kuma daga tsibiran Zante da Kefaloniya da ke hannun Benis, wato birnin Venice na Italiya.

Abin da ya fi ba ni dariya, su ma sun riƙa yanke farashi a Landan su ce kar wakilin kowa ya wuce haka, sai kaka ta yi jirage sun tsaya a bakin ruwa, kowa na son ya riga ɗan'uwansa lodi ya isa kasuwa kafin Kirsimeti, shi kenan magana ta tashi. Su Kirsimeti, mu azumi. Ga kuma 'yan ta-bayan-fage waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, ba sa biyan kuɗin da ake cira don riƙe jakada a Santambul da ƙananan jakadu a Izmir da Halab, don haka kayansu ya fi arha, 'yan ƙungiya su yi ta kai ƙara.

Sai rigimar maigida da yaronsa, wadda ita na fi ganewa. Attajirin yana zaune a Landan, wanda ke saye a Izmir yaro ne da ya koya wa sana'a, la'ada yake ci a kan abin da ya saya, wasiƙa kuma sai ta yi watanni a hanya. Kaya su iso a buɗe ganga a tarar ya jiƙe ko nauyi ya ragu, to laifin wa? Yaron zai ce lafiya ƙalau na loda, mai jirgi ya ce haka aka ba ni. Ni da nake da bidiyo a waya ma an taɓa nuna min katan na sama jawur, da kaya suka zo na zura hannu tsakiya sai ga shi ya dunƙule kamar tuwo, balle su da ba su da komai sai takarda da rantsuwa. In rigimar tsakanin Bature da Bature ce ba a zuwa gaban alƙalin gari, takardar izinin da Sultan ya bayar ta ba ƙaramin jakadansu ikon yin shari'ar, kamar dai yadda mu ma muke fara zuwa wurin shugaban layi kafin a kai ga kotu.

Har sarki sai da zabibi ya haɗa su da shi. A 1606 wani ɗan ƙungiyar mai suna John Bate ya ƙi biyan ƙarin harajin sule biyar a kan kowane awo na laba 112 da Sarki James na farko ya ɗora, ya ce majalisa ba ta amince ba, aka je kotu aka ba sarki gaskiya. A 1642 kuma majalisar ta hana shigo da ƙananan baƙin zabibin nan gaba ɗaya na wani lokaci. Duk wanda kayansa suka taɓa kwana a hannun kwastan ya san yadda cikin mutum ke yi. Kamfanin dai ya ja har 1825 kafin a rushe shi.

Ɓauren da nake sayarwa yau daga yankin Aydin yake, inda a da raƙuma ke ɗaukowa zuwa Izmir, zabibin kuma na wajen Manisa, ana tsinka a watan Agusta zuwa Satumba. Yanzu ba na tura cikon kuɗi sai ƙanena ya je sito da kansa, ya zaɓi katan daga ƙasan tari ba wanda aka miƙo masa ba, ya yage ɓaure biyu-uku ya duba cikinsu ko da tsutsa ko baƙin ruɓa, ya matsa zabibi a tafin hannu, in ya buɗe hannu ya warwatse to ya bushe. Dillalin ya ji haushi da farko, ya ce ba a yarda da shi ba ne, na ce masa a'a Alhaji hannu ne dai ya fi kyamara gani. Bana ma 'yan layi sun sake kiran zama kan farashi, na je na sha lemo na saurara, odata dai tun satin da ya wuce na riga na tura.