Abin da aiki ya koya mini wajen zaɓen kwamfutar hannu don kwashe hotuna

Na daɗe ina ɗaukar hoto a wuraren taro da tafiye-tafiyen aiki, kuma a tsawon lokacin nan babu abin da ya fi gajiyar da kafaɗata kamar kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta, waɗanda nake ɗauka kawai domin in kwashe hotunan yini daga kyamara idan dare ya yi. Da na yanke shawarar sayen kwamfutar hannu mai faffaɗar fuska domin ta rage mini kaya, abin da na duba shi ne hasken fuskarta da kyan launinta da rashin nauyinta. Duka ukun na same su yadda nake so. Tambayar da ban yi ba ita ce wadda aikin ya rataya a kanta, wato ta wace hanya hoton zai baro katin kyamara, cikin minti nawa, kuma a ina zai kwana.

Na gane kuskurena a daren farko na wani taro na kwana uku. Na dawo masauki da kati mai gigabait 64 cike da hotunan RAW, wato ɗanyen hoto kamar yadda kyamara ta ɗauke shi ba a gyara ba, kusan 1,800, kowanne yana kai megabait 30, na jona na'urar karanta kati, na zauna ina kallon ɗan layin nan da ke nuna ci gaban aiki yana rarrafe. Rabin awa ta wuce kafin ya kai ƙarshe, batir yana ta sauka domin kafar da zan sa caji ita ce na'urar karanta katin ta toshe. Da na sa kati na biyu kuwa, sai saƙo ya fito cewa wurin ajiya ya cika. Washegari dole na yi aiki ina taka-tsantsan da kowane hoto, abin da bai kamata ya shiga zuciyar mai ɗaukar hoto ba a lokacin da abu ke faruwa a gabansa.

Daga baya na zauna na karanta bayanan na'urar da kyau, sai na fahimci cewa USB-C sunan siffar kafa ne kawai, ba ya gaya wa mutum gudun da ke bayanta. Kafofi biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, alhali ɗaya tana aiki da tsarin USB 2.0 mai gudun megabit 480 a daƙiƙa, ɗayar kuma da USB 3.0 mai gigabit 5, wanda ya ninka na farko kusan sau goma. A nan ma akwai wani tarko, domin bit takwas ne ke yin bait ɗaya, saboda haka megabit 480 bai wuce megabait 60 ba a rubuce, a aikace kuwa da wuya ya haura 40. Ko a cikin kayan kamfani guda ana samun wannan bambanci. iPad Pro ya koma USB-C tun 2018, na 2021 ya zo da Thunderbolt, tsarin da ya fi waɗannan gudu sosai, amma iPad na ƙarni na goma da ya fito a 2022 yana da kafar USB-C mai gudun USB 2.0, domin an yi shi ne don karatu da kallo da ayyukan yau da kullum. Haka abin yake a ɓangaren Android, inda masu araha da yawa suke tsayawa a kan USB 2.0. Yanzu layin gudun kafa nake fara nema a takardar bayanin kowace na'ura, tun kafin in kalli girman fuskarta.

Kafa mai gudu ita kaɗai ba ta wadatar ba. Katin SD na UHS-I yana tsayawa a kusan megabait 104 a daƙiƙa, na UHS-II kuma yana iya kaiwa 312, kuma ana gane shi da layi na biyu na ƙananan ƙarafa a bayansa. Idan na'urar karanta kati ba ta da haƙoran da za su taɓa wannan layi na biyu, katin zai yi aiki, amma da gudun UHS-I. Kebul ma yana da nasa hannun a ciki, domin da yawa daga waɗanda ke zuwa da caja an yi su ne don caji, bayanai kuwa a hankali suke ɗauka. Da na haɗa kati da na'urar karantawa da kebul da kafa waɗanda suka dace da juna, aikin rabin awa ya dawo 'yan mintoci.

Darasin da ya fi canza mini tsarin aiki shi ne na wurin ajiya. Na daina ɗaukar kwamfutar hannu a matsayin rumbun hotuna, na mayar da ita mashigi. Abin da nake yi yanzu shi ne in jona ƙaramar na'ura mai kafofi da yawa wadda ke karɓar caji a lokaci guda, in sa katin a gefe ɗaya, in sa ma'ajiyar SSD, wato ƙaramar ma'ajiyar waje mai sauri, a ɗaya gefen, in kwafe folda kai tsaye daga wannan zuwa wancan. A iPad wannan ya yiwu ne tun da iPadOS 13 ya fito a 2019 ya bai wa manhajar Files damar buɗe ma'ajiyar waje, a Android kuma sai an tabbatar na'urar tana goyon bayan OTG, wato damar jona mata kayan USB kai tsaye. Dole ne kuma ta iya karanta tsarin jera fayiloli na exFAT, wanda katunan da suka wuce gigabait 32 suke zuwa da shi, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, kuma mai ɗaukar bidiyo zai ci karo da wannan iyaka nan da nan. Ramin microSD da ke jikin wasu na'urorin yana da amfani wajen ƙara wurin ajiya, sai dai babban katin SD na kyamara ba ya shiga cikinsa, balle katin CFexpress da wasu kyamarori ke amfani da shi.

Tura hoto ta Wi-Fi ko Bluetooth yana da ranarsa, musamman idan hoto biyar ko goma ake so a aika cikin gaggawa. Ban dogara da shi wajen kwashe kati gaba ɗaya ba, domin manhajoji da yawa suna aiko da ƙaramin kwafi ne mai megapiksel 2 idan ba a canza saitinsu ba.

Wannan ya kai ni ga abin da na fi jin tsoro, wato mutum ya ga hoto a fuskar na'ura ya ɗauka ya mallake shi. Kowane fayil na RAW, ko CR3 na Canon ne ko NEF na Nikon ko ARW na Sony, yana ɗauke da hoton JPEG, wato kwafin da aka matse, a cikinsa domin dubawa, kuma sau da yawa shi ne ake nuna wa mutum. Na taɓa ganin abokin aiki ya goge katinsa bayan ya ga hotunansa reras a jere, sai da ya zo gyara ya tarar cewa JPEG kaɗai manhajar ta shigo da su, ta bar RAW ɗin a baya. Tun daga ranar ba na goge kati sai na buɗe foldar da na kwafe, na gwada adadin fayilolinta da girmanta da na katin, na buɗe hoto uku ko huɗu daga farko da tsakiya da ƙarshe na ga sun buɗu cikakku. Idan kuma ina da katin da zan yi aiki da shi gobe, na jiya yana nan a jaka ban taɓa shi ba har sai na dawo gida na yi kwafi na biyu.