Bindigar da na saya da ido

Aikina sassaƙa ƙarfe da inji ne, a wata ƙaramar masana'anta da ke bayan garin Hustan a jihar Tekzas. Wani dattijo da muke aiki tare ne ya ja ni filin harbi wata Asabar, wai in zo in ga abin da ke cinye masa albashi. Ni da na taso inda ba a ganin ƙaramar bindiga sai a ƙugun ɗan sanda, na iske har da tsofaffin mata suna gudu tsakanin allunan kwali, alƙalin wasa na biye da su riƙe da agogo. Wasan da aka kafa wa ƙungiyar duniya, IPSC, a 1976 ke nan, ƙarƙashin Jeff Cooper, reshenta na Amurka kuma shi ne USPSA. Lissafinsa ba wuya: makin da ka ci a raba shi da daƙiƙun da ka ɓata.

Shekara guda na yi da bindigar talaka, amma idona na kan rukunin Open, inda aka sakar wa kowa mara. A can ake ɗora madubi mai jan ɗigo a kan bindiga, abin da ya zama yayi tun 1990, shekarar da Jerry Barnhart ya ci gasar Amurka da shi, Doug Koenig kuma ya ci ta duniya a Ostareliya. A can ake ɗaura wa bakin bindiga wani ƙarfe mai ramuka da 'yan wasa ke kira kwamf. Magazin kuwa tsawonsa kan kai milimita 170, ya haɗiye harsashi kusan talatin. Kai, ko ƙararsu daban ce.

Da na ji wani zai bar wasan yana neman mai sayen tasa, ban yi shawara da kowa ba. Ƙirar da ake kira 2011 ce (sunan samfuri ne, ba shekara ba), mai cin harsashin .38 Super Comp, tana walƙiya, kunamarta ko numfashi ka yi kusa da ita sai ta tashi. Na biya, na kai wa dattijon nan washegari ina washe baki. Ya jujjuya ta, ya ce, "Wa ya ƙera ta?" Shiru. "Da wane harsashi aka saita ta? Magazin nawa aka haɗo maka?" Na ce biyu. Ya miƙo mini ita, ya ce, "Ɗana, ka sayi doki ba ka tambayi abin da yake ci ba."

A lokacin haushi na ji. Sai da na yi wata uku kafin na gane maganar, kuma a kan harsashi na fara gane ta.

Kwamf da hayaƙin albarushi yake aiki. Idan harsashi ya fita, iskar da ke biye da shi ta bi ramukan nan ta yi sama, sai ta danne bakin bindiga ƙasa, jan ɗigon ya tsaya kusa da inda ka bar shi. In ka zuba mata harsashin da ba shi da isasshen hayaƙi, kwamf ya zama nauyin banza, wani lokaci ma bindigar ta kasa tura kwanso waje. Shi ya sa yawancin 'yan Open da hannunsu suke ɗura harsashinsu a gida. Ashe na sayi bindiga, ban san cewa injin ɗura harsashi da sikeli da dare masu yawa a gareji suna cikin cinikin ba. Uwargida ta leƙo wani dare ta ce, "Maigida, wannan wasa ne ko kishiya aka yi mini?"

Akwai kuma abin da ake kira ma'aunin ƙarfi. Ana ninka nauyin dalmar harsashi (a ma'aunin nauyi na giren) da gudunta (ƙafa nawa a daƙiƙa), a raba da dubu. A dokar USPSA, wanda ya kai 165 yana babban ma'auni, wanda ya gaza amma ya kai 125 yana ƙarami. A dokar IPSC 160 ake nema a Open. Tsakiyar allo maki 5 ne ga kowa. Bambancin yana gefe: mai babban ma'auni 4 yake samu a zagaye na biyu, 2 a na waje, mai ƙarami kuwa 3 da 1. Ni da wayona na ɗura nawa daidai bakin iyaka, 166, don bugun ya yi mini sauƙi. Da tsakar rana na gwada, lokacin zafi. Babbar gasata ta farko kuwa da sanyin safiya ta kama. Suka karɓi harsasaina, suka zare dalma ɗaya suka auna, giren 124, wato kamar giram 8, suka harba wasu ta cikin na'urar auna gudu. Ƙafa 1,320 a daƙiƙa. Mai rubutu ya danna kalkuleta, ya ɗago kai ya dube ni da tausayi: 163. Haka na wuni ina shan ƙarar babban ma'auni, ana rubuta mini makin ƙarami. Ga mari ga tsinka jaka. Daga baya na lura tsofaffin hannu 170 zuwa sama suke ɗurawa, kuma ba tsoro ne ya sa su ba.

Maganar kwanso ma ta ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanson .38 Super Comp tsada gare shi, a manyan gasanni kuma sau da yawa ba a barin ka tsince abinka. Za ka gan ni bayan an gama harbi a gasar unguwa, na sunkuya ina tona tsakuwa kamar kaza. Masu harsashin 9mm ba ruwansu da wannan, kwansonsu ko'ina zube yake, sai dai su nasu ciwon kan shi ne cusa albarushi mai yawa a ɗan ƙaramin kwanso, da kwanson da kan bugi gindin madubi ya koma ciki ya maƙale. Da na san haka tun farko, 9mm zan zaɓa, don aljihuna ba na attajiri ba ne.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya na sana'ata ne. Bindigar ta fara riƙe kwanso, na ce ai ni maƙeri ne, mene ne a ciki? Na ciro ƙugiyar da ke fizgo kwanso, na goga mata magagari sau huɗu ko biyar. Ta ƙara lalacewa. Abin da ban sani ba shi ne, a irin waɗannan bindigogi kusan kowane ƙarfe da hannu aka daidaita shi da ɗan'uwansa, ba a sayo sabo a zura kawai. Matsalar ma ba a ƙugiyar take ba, leɓen magazin ɗaya ne ya buɗe. Mako bakwai ta yi a wurin mai gyara a wata jiha, saboda wanda ya ƙera ta ya daina aiki. A makonnin nan na ari CZ Czechmate ta wani, bindigar kamfani da ake samun kayanta a kanti, ban ga ta rage ni da komai ba. Eric Grauffel na Faransa ma da bindigar kamfanin Tanfoglio na Italiya ya ci kofin duniya na Open sau biyar a jere, daga 1999 zuwa 2011. Ni dai na ɗauka in ba ƙirar 2011 ba ce ba bindiga ba ce, don ita na fi gani a ƙugun mutane.

Ban sayar da ita ba. Na ƙara magazin uku, na sa wa kowanne lamba da fenti don in san mai laifi in ta maƙale, na kuma koyi toshe kunne biyu, na ciki da na waje. Kullum bayan Isha ina minti goma sha biyar ina zare ta babu harsashi, ina neman jan ɗigon nan, don wanda hannunsa bai saba ba yakan ɗaga bindiga ya ga madubi wayam, ya tsaya yana karkaɗa ta agogo na tafiya.

A gasar bana na'urar ta ba ni 171. Dattijon ya buga mini kafaɗa. Da aka liƙa sakamako, wata kaka mai bindigar kanti, wadda kuɗinta bai kai rubu'in tawa ba, tana sama da ni da layi shida.