Gwangwanin miya a bangon falona

Da muka tare a sabon gidanmu a Hotoro, bangon falo ne ya tsone min ido. Ga kujeru, ga labule, amma bango fari fat kamar na asibiti. A Instagram na ci karo da zanen Andy Warhol, Ba'amurken nan da ya rasu a 1987, jigon salon da ake kira fof-at, inda ake ɗauko kayan kanti da fuskokin taurari a zuba musu launi mai ƙarfi. Na asali ba na irinmu ba ne, don wani hoton tauraruwar fim ɗin Amurka Marilyn Monroe da ya yi, dala miliyan 195 aka saye shi a 2022. Kwafi dai, a sa a firem.

Marilyn ɗin na fara so. Maigida ya kalli wayar ya ce, "Ranar da Hajiya ta zo ta ga fuskar mace a bango, ke za ki yi bayani." Kuma gaskiyarsa, a falon baƙi ke sallah. Sai na koma kan gwangwanayen miyar Campbell's da Warhol ya zana a 1962, guda 32, kowanne da irin miyarsa. Ba mai rai a ciki, galibi ja da fari ne. Na zaɓi huɗu.

A nan na fara tafka kuskure. Hoton da na adana a waya na kai wa wani mai buga hotuna, na ce ya faɗaɗa min. A waya tsaf yake, amma da ya fito a babbar takarda rubutun jikin gwangwanin ya narke kamar an yayyafa masa ruwa. Kuɗin nan ya tafi. Yanzu kafin a buga min komai sai an gwada min ɗan yanki a girman da zai fito, na gani da idona.

Karo na biyu na sayi bugaggu masu kyau a intanet, na kai wa mai firem a Sabon Gari. Na ɓata lokaci kan katakon, baƙi ko ruwan zinare, ban ko juya bayan ba. Ashe bayan ne magana. Bai liƙe gefen ba, hunturu na shigowa ƙura ta kutsa tsakanin gilashi da takarda, inda tsumma ba ya kaiwa. Sai da aka kwance duka huɗun aka manne bayan da tef. Shi kuma wanda na rataye daura da tagar yamma, rana ta cinye jansa, yanzu ya fi 'yan uwansa haske ƙarara. Kusa ma, ta kankare ce kawai ke shiga bangon siminti, ƙaramar lanƙwashewa take.

Hajiya ta zo bayan sallar azumi. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce, "'Yar nan, tallan tumatir kuka fara?" Na ce miya ce, Hajiya, ta Amurka. Ta ce to da ke ce mai wayo, da na madarar Peak kika sa, aƙalla shi mun san ɗanɗanonsa. Na tambayi mai zane a unguwarmu nawa zai yi min, ya ce in kawo gwangwanin.