Abinda inabin Burgundi ya koya min game da kwatance

Nasan wasu zasu ce me ya haɗa ɗalibin kimiyyar ƙasa kuma musulmi da gidan giyar inabi, toh gaskiya karatu ne ya kaini, a Dijon nake, kuma a wannan yanki na Burgundi a Faransa in dai kana karatun ƙasar noma ko ka ƙi ko ka so sai an tura ka gonar inabi. Ni bana sha, su ma sun sani basu taɓa matsa min ba. Aikina haƙa rami, ɗebo ƙasa, auna suga da tsamin 'ya'yan inabi kafin girbi, sai in zauna da littafi in rubuta abinda masu ɗanɗanawa suka faɗa in haɗa da lambobina.

Gidan da aka tura ni ƙarami ne na iyali a Côte de Nuits, wani gangaren gonakin inabi kudu da Dijon, jan inabinsu duk iri ɗaya ne, pinot noir, amma gonakinsu a warwatse suke, ɗan fegi nan ɗan fegi can. Haka yankin yake, an yanyanka gangaren zuwa filaye 1,247 kowanne da sunansa, har UNESCO ta saka su cikin kayan tarihi a 2015. Da farko abin kamar fankama ce kawai ta neman tsada, fili biyu da 'yar hanyar tarakta ta raba su wai farashin ɗaya ya ninka na ɗayan. Sai da muka haƙa. A saman gangare kafin ka yi nisa shebur ya daki farin dutse, ƙasar 'yar kaɗan ce ga tsakuwa, ruwa baya tsayawa. Can ƙasa kusa da titi laka ce mai zurfi tana riƙe danshi, in ka damƙa sai ta manne a hannu. Tsakiya kuma ta ɗebi na kowa, shi yasa filayen da suka fi daraja yawanci a nan suke.

Darasin farko yadda suke kwatance. Maigidan baya yarda a haɗa abu biyu a lokaci ɗaya, ko dai a jera kwalaben shekara ɗaya daga filaye daban daban, ko a ɗauki fili ɗaya a bi shi shekara bayan shekara. Iri ɗaya, hannu ɗaya, gangunan katako iri ɗaya masu cin lita 228, saboda in wani abu ya bambanta a san daga ina ya fito. Abinda malamai ke ta fama damu a aji kenan akan tsara gwaji, shi kuwa bai taɓa kiran sa da wani sunan boko ba.

Amma inda na fi ƙaruwa shine 2020 da 2021, shekaru biyu a jere kamar ba ƙasa ɗaya ba. 2020 zafi da fari, har aka fara girbi tun a watan Agusta. Filin sama mai tsakuwa ya sha ƙishirwa, 'ya'yan suka tsuke, suga yayi yawa, shi kuwa na ƙasa mai laka wanda kowa ke rainawa ya riƙe ruwansa ya bada inabi lafiyayye. 2021 kuma ƙarshen Maris yayi ɗumi itatuwa suka tofo da wuri, sai ga sanyi mai daskarar da raɓa a farkon Afrilu ya ƙone tohon, manoma suka kwana suna kunna kyandira a gwangwani tsakanin layuka, bayan nan ruwa yayi ta zuba funfuna ta kama ganye, girbi sai can cikin Satumba kuma ɗan kaɗan. A wannan shekarar lakar ce ta zama matsala, sanyi ya gangara ya kwanta a kanta ga danshi baya bushewa, na sama ya tsira. Kamar jigawa da fadama ne a gida, wace tafi ya danganta da irin daminar da aka samu. Wanda ya zo da sakamakon 2020 kaɗai zai rantse cewa na ƙasa yafi, kuma lambobinsa gaskiya ne, shekara ɗaya ce kawai bata isa shaida ba.

Wani abin kuma, masu ɗanɗanawa sunce a shekara mai tsananin zafi filayen kan so su zama ɗaya, zafin ya danne bambancin, a shekara mai sanyi ne kowane fili ke fitowa da halinsa. Lambobin tsamin da na auna ma sun nuna kusan haka.

Ban yarda da komai ba dai. Wani lokacin ana jingina wa ƙasa abinda aikin manomi ne. Clos de Vougeot fili ne mai kusan hekta 50 a cikin katanga ɗaya, masu shi sun kai wajen 80, kuma abinda suke fitarwa ya sha bamban, wani ya rage 'ya'ya da wuri wani ya bari, wani ya girbe yau wani sai mako mai zuwa.

Su kansu yanzu abinda ke damunsu ranar girbi ce. Garin Beaune da ke yankin na da rubutun ranakun girbi tun 1354, masu bincike suka bi suka ga daga 1988 zuwa 2018 girbin ya matso gaba da kusan kwana 13. Shi yasa wasu suka fara sayen filaye a Hautes-Côtes can sama inda a da ake cewa inabi baya nuna da kyau, maigidan namu ma yana ta lissafin ko ya bi su.